Bugun Ƙarfe a Rijiyar Tudun Aduwa

Labarin nan ya zo muku, kada ku ce bai zo ba. Rediyo ya faɗe shi tsakanin farashin hatsi da sanarwar ɗaurin aure: an tsamo gawar wani mai yasar rijiya a wani ƙauyen Damargu, an kama makiyayi. Kuka ce Allah ya jiƙan musulmi, kuka mayar da hannu cikin kwano. Wasunku har suka ce ai halinsu ne. Babu wanda ya tambayi sunan mamacin, balle na wanda aka ɗaure. To, mamacin Safiyanu ne, wanda aka ɗaure kuma Yakubu. Ku janye hannu daga tuwon nan ku saurara.

Hashimu mai bin sawu ne, mutumin wajen Ollelewa. Raƙumin sata, saniyar da ta ɓata, ɓarawon rumbu, duk shi ake aika wa, kuma abin da ya ce ya gani a ƙasa ba a cika musunsa gaban alƙali ba. Wata safiya tsakiyar bazara mai garin Tudun Aduwa, wani ƙauye a gefen kwarin Tarka, ya aika babur aka ɗauko shi.

Abin da ya fara gani a dandalin gari shi ne famfo a gindin wata babbar aduwa, busasshe, da layin jarkoki a gabansa ba ko ɗigon ruwa a ciki. Abu na biyu mutum ne ɗaure da jikin aduwar, dogo, siriri, leɓensa a fashe, hularsa ta kaba a yashe cikin ƙasa. Maza na zaune kewaye da shi, kowa da sanda a kan cinya.

Wani mai ƙiba da farar riga ya taso ya riƙe hannun Hashimu da hannu biyu. Shi ne Audu, shugaban komitin ruwa na garin.

“Malam Hashimu, aikinka ba shi da yawa. Mun san mai laifi, ga shi nan. Jandarmomi za su iso da la'asar, muna so su iske komai a shirye. Ka je ka duba sawu ka ce nasa ne.”

“In nasa ne zan ce nasa ne,” in ji Hashimu. “Me ya faru?”

Audu ya ba da labari tiryan-tiryan kamar wanda ya riga ya faɗe shi sau da yawa. Rijiyar garin tana can bayan gonaki, mai zurfi ce, an sa mata inji a ƙasa wanda hasken rana ke tayarwa, yana turo ruwa ta bututun ƙarfe har zuwa wannan famfon. Tun farkon bazara yashi ya binne injin, ruwa ya tsaya. Ma'aikacin ruwa ya zo ya ga zobban simintin rijiyar sun tsage, ya shafa jan fenti a bakinta, ya ce kada wanda ya shiga. Ya ce garin yana cikin waɗanda za a haƙa wa foraj, wato rijiyar burtsatse, amma ranar da ya ji an saka mutum a rijiyar nan, su manta da maganar. Tun daga nan mata ke tafiya rijiyar makiyaya, mai nisa, suna dawowa rana ta take.

“Shi Safiyanu, Allah ya jiƙansa, taurin kai gare shi,” in ji Audu. “Ya shiga a ɓoye shi kaɗai don ya tone injin. Wannan kuwa sun yi faɗa da shi a rijiyarsu, kowa ya gani, har ya ɗaga masa sanda. Ya bi shi ya yanke igiya, ya rufe bakin da kwanon rufi. Mu muna zaton Safiyanu ya tafi aiki Tenhya. Jiya bayan sallar asuba zuciyata ta ƙi kwanciya, na je na ɗaga kwanon na leƙa, ga shi can kwance. Da idona na gan shi.”

“Wa ya riƙe masa igiya?”

“Na ce maka shi kaɗai ne. A gungume ya ɗaure ta.”

“Ba shi da abokin aiki?”

“Idrisa. Zazzaɓi yake yi ranar.”

Hashimu ya tsuguna gaban wanda aka ɗaure. Ya nemi ruwa a ba shi, aka yi kamar ba a ji ba, sai ya kwance gorarsa ya kafa masa a baki.

“Kai ne Yakubu? Kun yi faɗa da mamaci?”

“Mun yi, Baba. Ya sa gugansa gaban shanuna, sun yini ba su sha ba. Na zage shi, ya zagi kakana, na ɗaga sanda. Washegari ya zo ruga, matata Fatimatu ta dama masa fura da nono, ya sha har ya ce a ƙara. Wannan babu wanda ya gani. Faɗan kowa ya gani.”

“Ka je bakin rijiyarsu?”

Yakubu ya ce, “Na bi ta wurin. Karsana ce ta ɓace mini. Na ga kwano a rufe, na wuce.”

“Kun ji ko!” wani ya yi ihu daga baya. “Da bakinsa!”

Hashimu ya miƙe. Ya san abin da ke hannunsa. In ya buɗe baki ya ce sawun Yakubu na bakin rijiya, mutumin nan zai tsufa a gidan kaso, in ma an bar shi ya kai can.

* * *

Shi kaɗai ya tafi, ya ce kada a biyo shi. Ya bi bututun ƙarfen daga gindin famfo. Wani wuri yana binne, wani wuri iska ta tone shi yana kwance tsirara a kan yashi, ya yi tsatsa ja. Da ya isa rijiyar ya waiwaya, mutanen gindin aduwa sun koma kamar tsinke-tsinke.

Bakin rijiyar gari duka ya tattake shi jiya wajen fitar da gawa, babu abin karantawa. Sai ya faɗaɗa kewaye. Can gefen wata magarya ya sami sawun takalmin taya irin na Yakubu. Ya bi shi a hankali. Sawun ya zo daga arewa ya wuce kudu, taku dogo, dugadugi bai nutse ba, bai karkato wajen rijiya ba ko sau ɗaya, ga kofaton karsana a gabansa. Sawun mai wucewa ne. Amma Hashimu ya san yadda za a ji maganar a dandali: sawunsa yana wurin, shi ke nan.

Ta gabas kuma ga hanyar da sa ke bi in yana jan igiya, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare. Sawun jiya yana nan sabo, na jan gawa. A ƙarƙashinsa akwai wani na sa ɗin dai, mai tsagaggen kofato a ƙafar baya, wanda ya girme shi da ƴan kwanaki, har ƙwari sun yi zane a kai. Mutumin da ya shiga rijiya shi kaɗai ba ya bukatar san da zai ja masa igiya.

Ya dawo ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Baƙi ƙirin. Rana ta kusa tsakiya, amma idonsa bai wuce zobba kaɗan na sama ba. Ya kunna tocilan, haskenta ya bazu a bango ya narke tun bai yi nisa ba.

“Me kake leƙe? Wanda ya kashe shi yana gindin aduwa.”

Mace ce tsaye a kansa, babba, idanunta sun kumbura. Ta ce sunanta Zuhaira, ita ce yayar Safiyanu, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu.

“Allah ya ba ku haƙuri. Ƙasan nake son gani, na kasa.”

“Da wannan abin wasan? Rijiyar nan ta haura gaba talatin. Ko Safiyanu ba ya ganin gindinta sai da madubi, shi ma sai rana ta hau.”

“Yana nan, madubin?”

Ta kwance bakin zanenta ta fito da shi. Ɓallen madubin gefen babbar mota ne, an naɗe bakinsa da tsumma. Tun jiya take yawo da shi.

Hashimu ya tari rana da madubin, ya karkata shi kaɗan-kaɗan har haske ya faɗa cikin ramin. Wannan bai bazu ba. Ya sauka a dunƙule, miƙe kamar mashi, yana lasar bango zobe bayan zobe, har ya taɓa ƙasa. Ga zoben da ya karye, rabinsa ya jingina da bango ya bar ɗan ƙoƙo a ƙarƙashinsa. Ga laka. Ga bututun da ya sauko daga sama, ja da tsatsa tun daga baki har ƙasa. Sai a wuri ɗaya, dab da ƙoƙon nan, wani abu ya maido masa da hasken cikin ido, fari tas. Ya kawar da madubin ya sake maidowa. Ya sake walƙawa.

“Zo ki gani. Me ke goge tsatsa daga ƙarfe ya bar shi fari haka?”

Zuhaira ta duba ta daɗe. “Duka,” ta ce.

“Da aka fito da shi, ina gudumarsa take?”

“A hannunsa. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa wajen wanka.” Ta tsaya. “Audu ya ce nan take ya mutu.”

Hashimu ya miƙe tsaye. Ya ɗauki dutse, ya dafa bututun inda ya fito daga bakin rijiya ya lanƙwasa ya nufi gari. Ba wani abu yake nema ba, so yake ya ji irin ƙarar da mutum zai yi ta ji shi kaɗai a cikin duhu. Ya buga sau uku.

Can gindin aduwa, inda ko ihu ba ya kaiwa, tsinke-tsinken nan suka zabura lokaci guda. Wasu suka ja da baya, wani ya faɗi ya tashi, ɗaya ya ruga ya shige gida. Hashimu ya dubi dutsen hannunsa. Ya taɓa kafa kunne a ƙasa ya ji tafiyar raƙuma tun ba su ɓullo ba, ya san ƙasa na kai magana. Bai taɓa tunanin ƙarfe ya fi ta ba.

Zuhaira ta zauna daɓas a kan yashi.

“Famfon ya yi ta bugawa,” ta ce, muryarta kamar ba tata ba. “Yini guda, da washegari. Ai haka yake yi in ruwa zai zo, sai ya yi ta ƙwanƙwasa kafin ya feso. Muka ce inji ya tashi. Muka yi guɗa, Malam. Yara suka yi rawa. Ni da kaina na ruga gida na ɗauko jarka biyu, har na yi faɗa da wata a kan layi. Na kafa kunnena a bakin famfon ina cewa zo mana, zo mana.”

Ba ta yi kuka ba. Ta kama yashi da hannu biyu tana matsewa.

Duk wanda ya zauna aji a lakwal, wato makarantar boko, an gaya masa wannan, ya rubuta a jarrabawa ya manta. Murya a cikin iska bazuwa take yi ta ko'ina, tana raguwa har ta mutu, balle muryar wanda siminti ya danne wa ƙirji. Ƙarfe kuwa ba ya barin ƙara ta watse. Yana riƙe ta a jikinsa ya kai ta nesa, da saurin da iska ba ta kusa da shi. Safiyanu bai yi lakwal ba, amma ya san inda bututun nan ya ƙare. Ya san a tsakiyar danginsa ya ƙare.

* * *

Inna Zalika tsohuwa ce, ita ke riƙe da makullin famfo, bukkarta na kallon dandali. Hashimu ya same ta tana tsince wake a faifai.

“Inna, famfon nan da ya yi ta ƙara, irin ƙarar da ya saba ce?”

“Ni kunnena ya tsufa.”

“Ɗazu da na buga na hango kin saki faifai.”

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, “Mijina shi ma mai yasa ne, Allah ya jiƙansa. In yana ƙasa yana son a jawo shi, sau uku yake girgiza igiya, ya dakata, ya sake uku. Duk garin nan an san wannan. Bugun ruwa ba shi da lissafi, ɗana. Wannan uku-uku yake zuwa.”

“Kin faɗa?”

“Da yamma na faɗa. Na ce jama'a, wannan hannun mutum ne. Audu ya ce zafi ne ke sa ƙarfe motsi, in bar tsorata yara. Maza suka dubi juna. Wani ya ce ina Safiyanu ne ma, wani ya ce ai yana Tenhya. Sai kowa ya tashi alwala.” Ta ɗago ta dube shi. “Washegari babu mai guɗa. Maza suka kwashe tabarmi suka koma bayan masallaci, wai inuwa ta fi a can. Bugun yana ta raguwa. Kafin azahar ya daina.”

“Babu wanda ya je ya ɗaga kwanon?”

“Wanda ya ɗaga ai ya gani. In ya gani ma'aikaci ya ji. In ya ji babu foraj. Ka ga ƙafafun matan garin nan?”

“Za ki faɗi wannan gaban jandarma?”

“Ɗana ne ke ba ni hatsi,” in ji ta, ta mayar da ido kan wake.

* * *

Idrisa yana bayan gidansu yana ba wani jan sa ƙaiƙayi. Saurayi ne ƙaƙƙarfa. Hashimu bai yi masa magana ba tukuna. Ya zagaya ya ɗaga ƙafar san ta baya, ya duba tsagaggen kofato, ya ajiye.

“Zazzaɓin ya sauka?”

“Da sauƙi, Baba.”

“Shi ma san zazzaɓi ya yi ranar? Don na ga ya je rijiya.”

Idrisa ya jingina da garu. Maganar ta fito masa a guje kamar amai.

“Mun kira shi. Wallahi mun kira shi. Baba Audu ne ya roƙe shi ya shiga, ya ce mata sun gaji, babu wanda zai sani. Muna sama muka ji rugugi, ƙura ta taso, na kora sa, igiya ta zo ba nauyi, simintin ya datse ta. Muka yi ta kira har muryata ta dishe. Ko tari ba mu ji ba. Baba Audu ya ce ya riga ya cika, kada mu kashe gari saboda gawa. Ya ɗauko kwano muka rufe.”

“Da famfo ya fara bugawa fa?”

“Na je gidansa. Ya ce in na buɗe baki ni za a ɗaure, ni ke riƙe da igiya. Daga baya Zuhaira ta ce za ta aika Tenhya a nemo shi, sai Baba Audu ya gyara bakin igiyar da wuƙa ya ce Bafillace ne.”

“Da la'asar za ka maimaita wannan.”

“Baba Audu fa ƙanwar uwata yake aure.”

“Wancan da ke ɗaure shi ma yana da uwa.”

Idrisa ya ce to. Bai ɗago kai ba.

* * *

Motar jandarmomi ta iso bayan la'asar. Ajidan, babbansu, mutum ne mai furfura a gefen kai, ya san Hashimu tun wata shari'ar raƙuma. Gari duka ya taru, maza gaba, mata daga baya, mai gari a kan kujera.

“To, mai sawu, me ƙasa ta ce?”

“Ta ce Yakubu ya wuce ta wurin bai tsaya ba. Sauran ba ƙasa za ta faɗa ba. Ranka ya daɗe, ina roƙo ka ɗora hannu a kan famfon nan. Audu, kai ma. Idrisa, matso. Mai gari, a gafarce ni, ku ma.”

Aka yi gunaguni, amma ajidan ya ɗora, sauran suka bi. Hashimu ya cire rawaninsa ya kaɗa shi sama. Can bakin rijiya Zuhaira na tsaye kamar yadda suka shirya, ƴar mitsitsiya. Suka ga ta kai hannu biyu baki, ta sunkuya tana kira da iyakar ƙarfinta. Babu abin da ya iso sai kukan wata akuya a bayan gari.

“Sunan ƙanenta take kira,” in ji Hashimu. “Kun ji?”

Ya sake kaɗa rawani. Suka ga hannunta ya tashi da gudumar Safiyanu, ya sauka. Kafin ido ya ƙifta famfon ya ce ƙwam a ƙarƙashin tafukansu, jarkokin da ke jingine da shi suka amsa. Sai bayan numfashi guda wata ƴar ƙara ta biyo iska, siririya, kamar an karya kara a nesa. Uku. Shiru. Uku.

Mai gari ya janye hannunsa ya shafa a riga. Wata mata ta toshe kunnuwa. Wani yaro ya ce da ƙarfi, “Irin na ranar nan!” uwarsa ta make masa baki.

Hashimu ya faɗi abin da madubi ya nuna masa, da gudumar da aka ɓamɓare daga hannun mamaci, da sawun sa. Sannan ya juya.

“Audu, ka ce bayan sallar asuba ka leƙa ka gan shi kwance. Ni da rana tsaka na leƙa ban ga komai ba sai da madubi. Da wane haske ka gan shi?”

Audu bai rikice ba, kuma wannan ne abin da Hashimu bai shirya wa ba.

“Wari na ji. Cikin tashin hankali mutum yakan ce ya gani. Sa kuwa, rijiyar gari ce, sa ya sha zuwa wurin. Bugu kuma mun ji, ba mu musa ba, mun zaci ruwa ne. Ƴar'uwar mamacin ma ta zaci haka, a tambaye ta jarka nawa ta kawo. In Safiyanu ya yi rai a ƙasa, wannan ya ƙara wa wancan mugun laifi, da ya rufe shi da ransa.”

“Haka ne!” maza suka amsa, har da waɗanda ɗazu suka sunkuyar da kai. Murya ta dawo musu.

“Idrisa,” in ji Hashimu. “Faɗi abin da ka gaya mini.”

Idrisa ya buɗe baki. Ya dubi Yakubu, ya dubi Audu, ya dubi layin jarkoki. Mai gari ya yi gyaran murya.

“Zazzaɓi nake yi ranar,” in ji Idrisa.

“Inna Zalika!”

Amma ɗanta ya riga ya kama hannunta yana jan ta cikin gida, yana cewa rana ta yi mata yawa. Ta waiwayo sau ɗaya.

Zuhaira ta iso da gudu, guduma a hannu, tana haki. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna. “Kawu Yusuf, shi ya yashe maka rijiyar gona. Ismail, a bayansa ka koyi hawan jaki. Kun san uku-uku, duk kun sani! Kuka kwashe tabarmi!” Aka ce baƙin ciki ya taɓa ta, mata suka rirriƙe ta.

Ajidan ya ja Hashimu gefe.

“Na ji da hannuna, kuma zan faɗa wa alƙali yadda na ji. Amma ƙarfen nan cewa ya yi mutum yana da rai. Bai ce ga wanda ya rufe shi ba. Gari guda sun shaida faɗa, ga igiya da yankan wuƙa, kai da kanka ka ce sawunsa na kusa. Kawo mini mutum ɗaya daga cikinsu da zai tsaya ya faɗi abin da ya sani.”

“To ka bar shi ya koma rugarsa kafin nan.”

“In na bar shi nan, ba zai ga magariba ba. Dube su.”

Aka kwance Yakubu daga aduwa aka sa masa ankwa. Da zai hau mota ya ce da Hashimu, “Baba, ka gaya wa Fatimatu jar saniyar nan ta kusa haihuwa, kada ta bar ta nesa.” Hashimu ya ɗauko hularsa daga ƙasa ya kakkaɓe, amma motar ta riga ta tashi.

* * *

Hashimu ya koma Tudun Aduwa har ya gaji da komawa. Da farko ana ba shi tabarma, daga baya sai a ce masu gida ba sa nan. Ya je kasuwar Belbeji ya tare Idrisa, Idrisa ya bar buhunsa ya shige cikin jama'a. Inna Zalika ta rasu da kaka. Zuhaira ta je gaban alƙali ta faɗi abin da ta ji, aka saurare ta da mutunci, aka ce ana bukatar wanda ya ga rufewar. Fatimatu ta kora abin da ya rage na shanu ta yi arewa da ƴaƴanta. Hashimu kuwa ya daina amsa kira in mutum ake nema. Raƙumi da saniya kawai yake bi yanzu, ya ce su in ka same su an gama.

An haƙa foraj. Ruwan yana da daɗi, in ji su. Audu ne ya yanka rago ranar buɗewa.

Yakubu yana tsare har yau, yana jiran shari'ar da ba ta da shaida sai ta waɗanda suka ɗaure shi. Ku kuma ƴaƴan Tudun Aduwa da ke karatu a Damagaram, da masu shago a Tanut, da masu tuƙi a hanyar Agadas, kun san waye ya kwashe tabarma ranar nan, don a gidajenku ake raɗa maganar in baƙo ya fita. Ubanku ne, kawunku ne, wataƙila kai ne. Mutum ɗaya ake nema. Kada ku aika saƙo, kada ku ce sai bayan salla. Ku shiga mota ranar kasuwa, ku je gida, ku kama hannun Idrisa ko na duk wanda ya sani, ku tsaya tare da shi a gaban alƙali har ya gama magana.